Ƙararrawar Rinjin Dangana

Ni na tuƙa katafilar.
Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni.
Laraba ce, ƙasa da sauran laimar ruwan dare,
takarda ta ce hanyar Daura za ta ƙara faɗi,
jan fenti kuwa ya riga ya gitta bangon majami'ar,
gicciye a kan gicciye, har ɗan kwangila ya dara.

Ba wani gini ba ne na a zo a gani:
tubalin ƙasa, azarar giginya, kwanon da tsatsa ta ci,
benci bakwai, ɗaya mai ƙafa uku.
An biya diyya, fasto ya sa hannu,
sun koma gabas da kasuwa, ba gardama, ba jifa.

Sai Iya Rifkatu ta dogara sanda
ta tsaya gaban haƙoran ƙarfe.
"Yaro, kashe injin, ba faɗa ya kawo ni ba.
Ƙararrawar nake so a sauke da hannu."

Na hau, na kwance, na sauko ina nishi.
Baƙa ce, muni gare ta,
jikinta gurgunje kamar bayan kada.

Ta shafa ta, ta ce, "Mari ne wannan.
Mari goma sha tara da aka cire daga ƙafafun mutane.
Kakana Nagode maƙeri ne,
da igiya a wuya aka shigo da shi ƙasar nan.
Shekara tara yana biyan murgu,
yana ƙera abin da za a ɗaure wasu.
Ran da ya fanshi kansa bai yi rawa ba,
cewa ya yi akwai bashi a hannunsa.

"Nan ake tara wuri, ƙwarya-ƙwarya,
na mai saƙa, na mai itace, na mai daka,
sai ya kai kuɗin wuyan mutum guda.
Malam Ɗangoggo ya zo daga cikin gari da tawadarsa
ya rubuta shaida da ajami.
Bai taɓa tambayar wa ke sallah, wa ke waƙa ba."

Daga tsohon gwangwanin alewa ta ciro littafin,
gara ta ci gefensa, ta bar tsakiya.
Ba ta iya karatunsa ba, a ka ta riƙe:
Dangana, wanda rinjin ya ci sunansa.
Allah-Kyauta. Barka da ƙaninsa gurgu.
Wuya, wadda ta mutu kwana uku da samun kanta.
Ladingo mai tsaga uku a goshi,
wadda aka aurar Unguwar Madunka...

Na ce, tsaya, Iya.

A gidanmu an ce kakar babana Ladingo
daga Agadas ta zo, amarya a bayan raƙumi.
Mun san tsagar, har hoto akwai.
Igiyar ce ba a taɓa ambata mana ba.

Ɗan kwangila ya buga agogonsa da yatsa.
Ina da 'ya'ya huɗu da kuɗin haya.
Na tada injin.
Minti goma sha ɗaya, na duba.
Jemagu suka watse, azara ta yi ƙara sau ɗaya,
Iya ba ta juyo ba,
jikanta na tura ƙararrawar a baro.

Yanzu kwalta ce, sumul, motocin Kongolam na wucewa.
Ba allo, ba dutse, ko tsamiyar babu.
Ni kaɗai ke rage gudu a wurin,
na baya su yi ta danna mini oda.

Ran Lahadi, in iska ta juyo daga gabas,
nakan ji ta, muryarta a dushe,
kamar wanda ya daɗe bai yi magana ba.

Babana na zaune a zaure yana jan carbi.
Kullum sai in ce yau zan tambaye shi.